Baƙin da Ya Ƙi Fita

Tukwane bakwai ne a marinar Usta Mitwalli da ke unguwar Bahari a Iskandariyya, amma ɗaya kaɗai ake hura wa wuta, ita ce ta baƙi. Sauran shidan suna jere a jikin bango an rufe bakunansu da katako: ta ja, ta kore, ta rawaya, ta shuɗi, da biyu da ake haɗa launi a cikinsu. A kan murfin ta kore yake ajiye butar shayinsa. Ta rawaya kuwa wata kyanwa ce ta mayar da ita ɗakin haihuwa, sau uku ke nan.

Shekarunsa sittin da uku, kuma tun yana da sha huɗu hannunsa ke cikin ruwan rini. Ubansa ya taso daga Akhmim da sana'ar a hannu. A zamanin tsohon, da zarar sanyi ya fara shigowa mata kan kawo zaren ulu ƙunshi-ƙunshi a rina musu, su je su saƙa wa 'ya'yansu riguna. A saman benen marinar ake shanya zaren, har masunta kan ce da shanyar suke gane sun kusa gida in suna dawowa daga teku. Yau babu mai saƙa. Kasuwar Manshiyya ta cika da rigunan sanyi na roba masu kumburi, ruwan hoda da ruwan goro da wani kore mai kashe ido wanda Mitwalli ya rantse babu shi a cikin halittar Allah. 'Ya'yansa mata biyu ma su suke sawa. Roba ba ta shan rini, in ta koɗe sai a yar. Abin da ya rage masa shi ne kayan makoki.

Al'adar unguwar ba ta canza ba. In magidanci ya rasu, a ranar da aka kai shi wata 'yar'uwa za ta buɗe akwatin matarsa, ta kwaso kayan sawarta ta ƙunshe a zanen gado ta kawo marina. Matar ba ta zuwa da kanta, marini kuma ba ya tambaya. Ba ya ɗaga riga ya ce har da wannan. Gidan da ake kuka ba a aika masa tambaya, ana tsomawa ne a shanya a mayar kafin kwana uku, lokacin da masu gaisuwa ke cika gida. Hunturu ne ke ɗaukar tsofaffi, don haka hunturu ne kakar Mitwalli. Yana kuma da abin tinƙaho guda a wannan aiki. Baƙin wasu marina kan koma kore ko tsatsa bayan wanki biyar. Shi sau biyu yake tsomawa, kamar yadda ubansa ya koya masa, ya bi da gishiri da ruwan tsamin da suke kira khal. Duk Bahari an san baƙin Mitwalli ba ya zuba.

Maƙwabcinsa na jikin bango Girgis ne mai guga, Kirista, tsararsa, wanda ba ya wuni bai tsokane shi ba. Shi ke riƙe da takardar lissafin nawwa, wato guguwar teku mai ruwa da kan zo wa garin bi da bi duk hunturu, kowace da sunanta da ranarta da adadin kwanakinta. Ya manna takardar a bayan ƙofarsa, yana karanta ta kamar shi ya tsara ta.

Ranar wata Lahadi, kwana na uku na nawwar Gitas, ruwa na zuba ta kwararo har ƙauri, sai ga Ummu Ashraf ta shigo marina da leda a hammata. Mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne na dakon kaya, bara war haka ya rasu. Ta gaisa, ta ƙi zama, ta zaro wani baƙin mayafin ulu mai geza ta shimfiɗa a kan murfin tukunyar ja.

Mitwalli ya gane shi tun kafin ta gama warwarewa.

Bara, a cikin ƙunshin da yayar mijinta Hajja Nabawiyya ta kawo, ya ci karo da wannan mayafi. Kore ne shar, ulu mai laushi irin wanda bai sake taɓawa ba tun rasuwar ubansa, an yi masa aikin furanni da zaren siliki ja da rawaya, ɗinkin hannu, geza kuma tsawon yatsa. Ya ware shi gefe. Ya rina sauran kayan duka, ya dawo ya tsaya a kansa. Gidan matar bai fi tafiyar shan kofin shayi ba. Ya yi tunanin aika matarsa Zakiyya ta tambaya a ɓoye, sai ya tuna bakin Hajja Nabawiyya, ya tuna abin da za a ce, wai marini ya sa ido a kan kayan mai takaba. Bayan la'asar ya tsoma shi, sau biyu, da gishiri da khal.

Ummu Ashraf ta yi bayani a taƙaice. 'Yarta ta haihu ranar Juma'a, jikar fari, mace. Ranar Alhamis za a yi bikin kwana bakwai. Ita za ta ɗauki jaririyar ta zaga gida da ita ana kunna kyandir, kuma ba ta so abin da yarinyar za ta fara kwanciya a kansa ya zama baƙi. Marigayin ne ya sayo mata mayafin daga Lazikiyya shekarar da suka yi aure.

"Ka mayar mini da shi yadda yake, Usta."

Ya ce mata rini ba riga ba ce da ake tuɓewa. Ya ce ta je Manshiyya, akwai mayafai masu furanni iri-iri, ko shi da kansa ya raka ta ya zaɓar mata wanda ba zai ba ta kunya ba. Ta ce ta je. Ta ce duk ta shafa su, kamar ledar burodi suke a hannu.

"Kai ka sa baƙin nan," ta ce. "Wa zan kai wa ya cire?"

Girgis, wanda ya leƙo tun shigowarta, ya ce kada ta damu, gobe Gitas za ta ɗauke, kwana uku take yi ba ta ƙarawa, kuma nawwar da ke biye, Karam, sai bayan mako. Rana za a yi har ta gaji da ita. Mitwalli ya harare shi, amma da wannan lissafi ya karɓi aikin.

Akwai wata farar hoda da ake cire rini da ita, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gwangwaninta na kan kanta tun shekaru, ya yi tsatsa har sai da ya sa wuƙa ya buɗe. Matsalarta biyu ce. Ba ta bambance launin bara da na shekara talatin, abin da ta samu shi take ci. Sannan sai ruwa ya yi zafi take aiki, ulu kuwa in ya daɗe a ruwan zafi sai ya tsuke ya dunƙule ya zama kamar tabarmar sallah. Ya kori kyanwa da 'ya'yanta daga tukunyar rawaya, ya wanke ta, ya hura mata wuta. Ya fara gwadawa da zare uku daga geza. Zaren suka fito ruwan ƙasa. Hakan ya ba shi ɗan ƙwarin gwiwa.

Ranar Litinin ya yi tsomi na farko. Ruwan ya koma kamar na kwata, mayafin ya fito bai ko gaisa da haske ba. Ya tsaya yana kallon aikin hannunsa, yana jin haushin kyansa. Da baƙin marinin unguwar Karmuz ne, da tuni ya tsere tun ruwa bai yi ɗumi ba.

Ruwan sama bai ɗauke ba. Iska na ɗaga igiyar teku tana watsawa a kan titin gaɓa, kwale-kwalen masunta shuɗɗa da koraye duk an ja su tudu an kife. A kwararo mutane na wucewa da lemomi masu ɗigo-ɗigo, yaran makaranta cikin takalman roba ja da rawaya, wata budurwa ta yi tsalle bisa kududdufi cikin rigar sanyi mai zanen damisa. Duk wanda ya wuce ƙofar marina sai ya toshe hanci.

"Me ya mutu a wajenka, tsoho?" Girgis ya tambaya ta taga. "Ko kai ne ba a gaya maka ba?"

"Takardarka ce ta mutu. Ina ranar da ka yi alkawari?"

Girgis ya ce takarda ba ta ƙarya, sai dai in wannan ba Gitas ba ce, wutsiyar wadda ta gabace ta ce ta makara, in kuwa haka ne Gitas ɗin tana tafe. Mitwalli ya ce ya je ya gaya wa Ummu Ashraf haka.

Rashin rana ba ƙaramin cikas ba ne. Jiƙaƙƙen yadi ba ya faɗin gaskiyar launinsa, kullum ya fi duhu, sai ya bushe a hasken rana ake sanin inda aka kwana. Mitwalli ya rataye mayafin a kan igiya cikin marina, ya wuni yana ɗiga. Girgis ya ce ya kawo ya busar masa da dutsen guga cikin minti biyar. Ya ƙi. Zafin ƙarfe kan kama launi ya zaunar da shi, in ya bari aka goge to abin da ya rage na baƙin ya zauna ke nan har abada.

Ranar Talata ya yi tsomi na biyu a makance. Ya sa yatsa a ruwa yana auna zafi, yana juya mayafin da sanda a hankali, yana ɗagawa yana dubawa kusa da fitila. Baƙin ya fara saki. Furannin siliki ne suka fara bayyana, layi-layi, ganye da reshe. Amma da ya matso da su fitila bai ga ja ba, bai ga rawaya ba. Ya auna mayafin da kamu ya ga ya ragu da yatsa uku. Tsomi na uku zai kashe ulun. Ya kashe wuta.

Da ya koma gida cin abincin rana, Zakiyya ta ajiye masa miyar waken adas ta koma can nesa ta zauna, ta ce ko bakin ƙofa ya tuɓe rigar nan ko ya ci a baranda. Ta ce shekara talatin da biyar tana wanke baƙi daga matashin kai, yanzu kuma warin ƙwai ya ƙaro mata. Ya ci gaba da shan miyarsa. Ta dube shi ta ce tun bara ta lura wani abu na cin sa game da gidan Ummu Ashraf, in akwai magana ya faɗa wa matar ya huta. Ya ce miyar ba gishiri.

Ranar Laraba da safe rana ta fito. A Bahari ba a wasa da irin wannan safiya. Kafin ƙarfe tara kowace baranda ta amayar da abin da ke cikin gida: barguna masu hoton damisa da dawisu da manyan wardi, katifu masu ratsin shuɗi, dardumai, safa da huluna da rigunan makaranta, tun daga bene na biyar har ƙasa, kwararo bayan kwararo har hasumiyar masallacin Abul Abbas. Mai lemo ya tura amalankensa ya gina dala da shi, mai gasa dankali ya sa hayaƙi, jirgin taram na cikin gari mai launin ruwan ƙwai ya wuce yana ƙararrawa. Mitwalli ya hau saman benensa da mayafi ɗaya. Igiyoyin ubansa goma sha biyu na nan, ya shanya a ta tsakiya, ya zauna a kan bulo yana jira.

Wajen azahar ya bushe. Launin shayi da madara ne, wani wajen ya fi wani duhu. Furannin sun fito duka, ko ɗinki ɗaya bai ɓace ba, amma fari-fari kamar tabon ruwa a bango. Koren ya tafi tare da baƙin. Mitwalli ya duba barandar da ke fuskantarsa, inda wani bargon roba mai koren da ba ya so ke rawa a iska ko gezau, shekara nawa ana wanke shi. Ya tofar da yawu ya sauko.

Zakiyya ce ta kirawo Ummu Ashraf. Matar ta daɗe tana bin furannin da yatsa. Ya gaya mata gaskiya. Kore ba zai hau kan wannan ba, in ya gwada launin gansakuka zai fito. Abin da zai iya hawa sai wanda ya fi shi ƙarfi, ja mai duhu irin na zoɓo. Siliki zai sha daban da ulu, furannin za su fi haske. Sannan, ba tare da ta tambaya ba, ya gaya mata cewa bara ya ga mayafin, ya ware shi gefe wuni guda, bai aika ba.

Ta ɗago ta dube shi. Ya zaci za ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi.

"Ina zaune a bakin gado Hajja ta zaro shi daga akwati," ta ce. "Ina kallo ta sa a ƙunshi. Ɗaki cike da mata, Usta. Da wane baki zan ce a bar mini kore?" Ta naɗe gezar a yatsa ta sake. "Na yi ta cewa a raina marini zai gani, zai dawo da shi."

Ta ce ya yi zoɓon.

Ya ce mata aikin ja na son kwana biyu, a tsoma, a bar shi ya kwana, a ɗauraye har sai ruwa ya fito fari, sannan a shanya. Ta ce bikin gobe ne bayan la'asar. Ya ce ya sani. Ta ce to.

A ranar ya buɗe tukunyar ja, karo na farko cikin shekara tara. Hannunsa bai manta awo ba. Da ya ɗago mayafin da sanda, Girgis da ya zo da niyyar tsokana ya ce kawai Allah ya ji ƙan ubanka. Ulun ya sha ja mai nauyi, furannin suka tashi a kansa kamar 'ya'yan rumman.

Ranar Alhamis gari ya waye da hadari. Ya ɗauraye sau biyu, ruwan na fita da sauran ja, lokaci kuma na tafiya. Ya shanya a saman bene, yayyafi ya koro shi. Ya shanya a kan tukunyar baƙi mai ɗumi, azahar ta yi gefuna sun bushe tsakiya na nan da danshi. Daga ƙarshe ya ɗauka ya shiga shagon Girgis ya ajiye a kan teburin guga.

"A'a, ai ƙarfena na ɓata aiki," in ji Girgis, yana riga yana shimfiɗa farin ƙyalle a kai.

Da ya ɗaga dutsen, ƙyallen ya yi ruwan hoda. Suka dubi juna. Mitwalli ya kai mayafin da kansa, ya gaya wa Ummu Ashraf a bakin ƙofa cewa bai gama ba, kada ruwa ya taɓa shi, kada ta sa shi a kan farin kaya. Ta ce ta ji, tana riga tana yafawa.

Zakiyya ce ta kawo masa labarin bikin. An sa jaririyar a rariya, an daka turmin tagulla kusa da kunnenta ana gaya mata ta ji maganar uwarta kada ta ji ta ubanta, an watsa gishiri a kusurwoyi. Ummu Ashraf ta ɗauke ta ta naɗe a mayafin ta zaga ɗakuna, yara na biye da kyandir. Hajja Nabawiyya ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, ashe ɗan'uwanta shekara ɗaya kawai ya ci a zuciyar wasu. Ɗakin ya cika, ga zafin jiki ga tururin abinci, jaririyar kuma ta yi abin da jarirai kan yi. Da aka warware ta, farar rigar bikin ta koma ja daga wuya har ƙafa, har kumatunta da tafin hannun kakarta. Wata mata ta yi ihu ta zaci jini ne. Ummu Ashraf ta yi dariya har da hawaye, ta ƙi cire mayafin har baƙi suka watse.

Abin da ya zaga unguwa kuwa ba dariyar ba ce. Kafin Asabar, daga Bahari har Ras et-Tin an ji cewa rinin Mitwalli ya zuba a jikin jaririya. Ba wanda ya tsaya bambance ja da baƙi. Girgis ya ce ya kamata ya rubuta a ƙofa, a kawo yara ma ana rina su.

Da nawwar Karam ta zo, a ranar da takarda ta faɗa, wani tsohon direban taram ya rasu a kwararon bayansu. Ƙanwarsa ta kawo ƙunshi ta dire a bakin tukunya ta juya za ta tafi. Mitwalli ya ce ta ɗan dakata. Ya kwance zanen gadon a gabanta, ya shiga ɗaga kayan ɗaya-ɗaya. A ƙasa akwai wata riga shuɗiya mai aikin zare a wuya. Ya ɗaga ta ya tambaya ko matar marigayin ta san an sako wannan.

Ƙanwar ta ja mayafinta ta ce tun da take ba ta taɓa ganin marini mara kunya irinsa ba, gawa ko sanyi ba ta yi ba yana binciken kayan mata. Ta fizge rigar, ta ɗaure ƙunshinta, ta ce dama an ce rininsa zuba yake yi, Karmuz za ta kai.

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana cikin ruwan sama. Sannan ya rage wutar tukunyar baƙi, ya ɗauki butar shayinsa daga kan murfin ta kore, ya tarar ta huce.